Dokin da ba ya hawuwa ko dokin baba, wanne za ki ɗauka?

Ƙanwata, kin ce kina rubuta labarin yaro ɗan lise, wato makarantar sakandare, da babansa ya rasu, doki ne zai fitar da shi daga ƙunci, kina tambaya ko ki bi salon littafan Turawa ko ki kawo shi gida. To ga yadda na gani.

Na Turawan kusan hanya ɗaya ce, yarinya a wata gona a Amurka ko Ingila, an yi hatsari ta rasa uwa, sai ga doki mai tsoron mutane wanda ba ya hawuwa, ita da shi su warke tare. Yana da daɗi gaskiya, kuma sun iya nuna yadda doki ke gane mutum in jikinsa a ɗarare yake, wannan kam haka doki yake. Amma yarinyar sau da yawa ita kaɗai ce, ba dangi ba maƙwabta, a Garwa ko Marwa ta Kamaru ina aka taɓa barin maraya haka?

Na gida kuwa dokin ba baƙo ba ne, na marigayin ne, wanda yake hawa ranar sallah a bayan Lamiɗo. Gida cike da 'yan gaisuwa, an yi sadakar uku an yi ta bakwai, uwa tana takaba wata 4 da kwana 10, kowa na ce wa yaron yi haƙuri kai namiji ne, ba shi da wurin kuka sai gindin turke. Kuma doki ba ruwansa da makoki, da asuba sai an ba shi harawa da dusa da kanwa, a share kashi, a kai shi wanka Binuwai, wannan aikin dole shi ke tada yaron daga kwance ba wani abin al'ajabi ba. Ga kuma rigimar rabon gado: baffanni za su ce a sayar, wa zai iya ciyar da doki da tsadar dawa, shi kuma yaron warin babansa yake ji a jikin sirdin.

Ni dai na biyun zan ɗauka wallahi. Ki ari natsuwar Turawa wajen bayyana kunnen doki da numfashinsa, amma kar ki sa yaron ya yi sukuwa a babi na uku, ki bari sai bayan arba'in ma ya iya taɓa linzamin. Kuma ki je barga ki zauna da masu kula da dawakin fada kafin ki rubuta.