Shekara biyu da Raspberry Pi 4 a matsayin rumbun fina-finan gidanmu

Abin da ya jefa ni cikin wannan harka bai wuce wani bidiyo na minti biyu ba, wanda aka ɗauki 'yata ranar da ta fara tafiya. Mamanta ta ce in nemo mata shi, na ce ai yana nan. Dare biyu na yi ina tonon tsohuwar laftof da filashi uku da wata waya mai fasasshen gilashi, kafin in same shi a cikin foldar da ni da hannuna na sa wa suna "tarkace". Ranar na ƙudura cewa duk bidiyo da hoto da sautin da muke da su sai sun koma wuri guda, inda kowa zai buɗe daga talabijin ko waya ba sai an tashe ni ba.

Na'urar da na ɗora wa wannan aiki ita ce Raspberry Pi 4 mai RAM gigabait 4. Ga wanda bai taɓa ganinta ba, cikakkiyar kwamfuta ce a kan falle ɗaya, faɗinta kusan na katin banki. A birnin Cambridge na Ingila aka ƙirƙiro ta don yara su koyi shirya manhaja, ta farko ta fito a 2012, wannan ta huɗun kuma a watan Yunin 2019. Abu biyu suka sa ta huɗun ta dace da aikin rumbu fiye da yayyenta: tana da ramukan USB 3.0 guda biyu, sannan ramin kebul ɗinta na Ethernet gigabit ne na gaske. A samfurin 3B+ kebul ɗin da USB hanya ɗaya suke bi, kamar mutum biyu a ƙofa ɗaya, shi ya sa gudun ba ya wuce wajen megabit 300.

Haɗawar yamma ɗaya ta ci mini. Na zuba tsarin aiki na Raspberry Pi OS Lite a memori, wato wanda ba shi da allon dannawa sai rubutu zalla, na jona faifan ajiya na terabait 2, na ja kebul zuwa rawuta, sannan na girka Jellyfin, manhajar da ke jera fina-finai ta aika su zuwa talabijin ko waya. Na zaɓe ta a kan takwararta Plex ne saboda kyauta ce gaba ɗaya kuma ba sai ka buɗe asusu da wani kamfani ba kafin ka kalli abin da ke cikin ɗakinka. Daga wata manhaja irinta mai suna Emby aka ɓallo ta a ƙarshen 2018. Idan ta tashi, lambar adireshin Pi kawai za ka rubuta a burauza ka ƙara 8096, sai ga shafi. Aikin da ya fi cin rai shi ne gyara sunayen fayil. Muddin ka rubuta sunan fim da shekararsa daidai, ita za ta nemo hoton bango da taƙaitaccen labari da kanta. In ka bar shi da sunan da ya zo da shi, sai ta laƙa wa bidiyon yaranka fuskar wani fim na yaƙi da ba ka taɓa ji ba. Ya faru da ni, kuma har yau ana yi mini dariyarsa.

Watannin farko ban da abin cewa sai yabo. Yara na kallon katun a talabijin, mamansu na sauraron karatu a waya, ni ina kallon wani abu a laftof, duk a lokaci guda, ba gargada. Na duba nauyin da ke kan ƙwaƙwalwar na'urar a irin wannan lokaci, ko kashi 15 cikin ɗari bai kai ba. Har na fara tunanin masu sayen manyan injuna don wannan aiki almubazzaranci kawai suke yi.

Ƙanena ne ya sauke mini wannan girman kai. Ya zo kwana biyu, na ba shi kalmar sirri ina taƙama, ya buɗe wani fim a burauzar laftof ɗinsa. Daƙiƙa biyar yana tafiya, sai ya tsaya, zoben nan ya hau juyawa, ya sake tafiya kaɗan, ya sake tsayawa. Ya ce, "Yaya, wannan ne injin da kake ta ba mu labari?" Fim ɗin nan kuwa jiya-jiya na kalle shi a talabijin lafiya lau.

A daren na fahimci abin da ya kamata a gaya wa kowa kafin ya sayi wannan na'ura. Aiki iri biyu ne rumbu yake yi. Na farko aikin ɗan aike: ya ɗauki fayil yadda yake ya miƙa wa talabijin, talabijin ta karanta da kanta. Na biyu aikin tafinta: idan na'urar da ke kallo ba ta jin yaren da aka naɗe bidiyon da shi, dole rumbu ya warware hoton, ya sake naɗe shi da wani yaren, kuma ya yi hakan da saurin da mai kallo ba zai jira ba. Pi 4 ɗan aike ce da ba ta gajiya. Tafinta kuwa, sai a hankali. Fim ɗin ƙanena da tsarin H.265 aka naɗe shi, talabijin tana jinsa, burauzarsa ba ta ji, sai Jellyfin ta shiga mayar da shi H.264. Nan take sassan ƙwaƙwalwar guda huɗu suka cika maƙil, kuma duk da haka hoton da take fitarwa a daƙiƙa bai kai abin da kallo ke buƙata ba.

Wani zai ce ai a takarda an rubuta Pi 4 tana buɗe H.265 har 4K. Gaskiya ne, amma buɗewa ce don ta nuna a allon da aka jona mata, kamar in ka sa mata manhajar kallo ta Kodi. Wajen sake naɗewa iyakarta H.264 a 1080p, hoto 30 a daƙiƙa, kuma su kansu masu Jellyfin ba sa ba da shawarar a dogara da irin waɗannan ƙananan alluna don wannan aiki. Laifina ne da ban karanta ba.

Abin mamaki, ba hoton kaɗai ke jawo tafintar ba. Rubutun fassara na ƙasan allo ma yana jawowa. In na SRT ne, wato rubutu zalla, ba komai. In kuwa irin na faifan Blu-ray ne da ake kira PGS, wanda shi hoto ne, sau da yawa sai an ƙona shi a jikin bidiyon, wanda ke nufin sake naɗe fim ɗin duka saboda layi biyu na rubutu. Sauti ya fi sauƙi: talabijin ɗinmu ba ta jin DTS, amma juya sauti kaɗai ba ya wahalar da Pi.

Maganin da na samu ba shi da wani burgewa. Na hana Jellyfin juya bidiyo ga kowane asusu, don gara ta ce ba za ta iya ba da ta riƙa shaƙewa. Na sa kowa ya bar burauza ya sauke manhajar Jellyfin, ko ya yi amfani da Kodi ko VLC, waɗanda kusan ba yaren da ba sa ji. Fayilolin da suka yi taurin kai kuma na bi su da manhajar juya bidiyo ta HandBrake a laftof, na mayar da su H.264 da sautin AAC, ina barin su su kwana suna juyawa. Sati uku na yi a kai. Tun daga nan zoben nan bai sake fitowa ba.

Sauran wahalhalun biyu ni na jawo su. Da farko da wata tsohuwar cajar waya na kunna ta, don bakin USB-C ne kuma ya shiga. Faifan ya riƙa ƙyas-ƙyas yana ɓacewa a tsakiyar kallo. Pi 4 tana son volt 5 da amfiya 3 cikakku, kuma duk ramukan USB ɗinta amfiya 1.2 suke rabawa, alhali faifai mai juyawa ya fi jan wuta a lokacin tashi. Umarnin vcgencmd get_throttled ne ya tona asirin cewa wuta ba ta isa. Na sayi cajar da aka yi dominta, na kuma ba faifan wutarsa daban, shi ke nan.

Na biyun memori ne. Wata tara da farawa wuta ta yanke, ta dawo, Pi ta ƙi tashi. Memorin, wanda dama mai araha ne marar suna, ya lalace. Fina-finai na faifai ba abin da ya same su, amma asusun kowa, da inda kowa ya tsaya a kallonsa, da hotunan bangon da na gyara ɗaya bayan ɗaya, duk sun tafi. Jellyfin tana yawan ƙananan rubuce-rubuce, memori kuma ba ya jure hakan. Yanzu daga ƙaramin SSD, wato faifan ajiya marar juyawa, take tashi ta USB, abin da Pi 4 ta iya tun 2020, kuma shafukan ma sun fi saurin buɗewa nesa ba kusa ba. In da abu ɗaya da zan ce a kashe wa kuɗi tun ranar farko, wannan ne. Faifan fina-finan kuma a tsara shi da tsarin ajiya na ext4 maimakon NTFS, a sa kalmar nofail a layinsa na fstab, wato fayil ɗin da ke lissafa faifan da za a jona lokacin tashi, don kada na'urar ta ƙi tashi duk ranar da faifan bai amsa ba.

Zafi ba sai na daɗe a kai ba. A cikin kwandon roba rufaffe takan haura digiri 70 tana zaune, kuma daga 80 take fara rage wa kanta gudu. Na koma kwandon alminiyum mai zuƙe zafi, ba fanka, yanzu tsakanin 45 da 55 take. Ba ta da ƙara ko kaɗan, sai ɗan gurnanin faifai in ka kasa kunne.

Inda ta ci tuta shi ne wuta. Na auna da mita a soket: wat 3 zuwa 4 tana zaune, wajen 7 in faifai na aiki. Ka ɗauki matsakaicin wat 5 dare da rana, shekara guda bai kai kilowat-awa 45 ba. Tsohuwar kwamfutar teburin da na so in yi amfani da ita wat 60 take ci ba ta komai, ninki goma sha biyu kenan. Don abin da ba a kashewa, wannan bambanci ba ƙarami ba ne, kuma ƙaramin batirin ajiya yana riƙe ta da rawuta na sa'o'i.

An sha tambayata ko gara Pi 5, wadda ta fito a Oktoban 2023. Ta fi sauri sosai, tana da ramin PCIe da ake jona faifan ajiya mai sauri na NVMe, amma an cire mata sashen naɗe H.264 gaba ɗaya, komai da ƙarfin ƙwaƙwalwa take yi, ga ƙarin wuta ga buƙatar fanka. Ga aikin ɗan aike, ba ta ba ni dalilin canzawa ba. Wanda ya san dole sai an yi masa tafinta, misali yana da tarin 4K da tsofaffin na'urori, ko yana son 'yan'uwa na nesa su riƙa kallo ta intanet inda sai an rage nauyin bidiyo, to ya nemi ƙaramar kwamfuta mai ƙwaƙwalwar Intel N100. Sashen Quick Sync da ke cikinta yana juya fim da yawa a lokaci guda ba tare da ta yi gumi ba, kuma wutar da take ci ba ta fi ta Pi da yawa ba.

Ni dai tawa tana bayan talabijin, na kan yi wata ban tuna da ita ba sai ranar sabunta manhaja. Bidiyon nan na minti biyu yana da kwafi uku yanzu: ɗaya a rumbun, ɗaya a faifan da nake jonawa farkon kowane wata in cire in ajiye a durowa, ɗaya a wajen ƙanena. Mai bidiyon da kanta ta iya nemo shi da rimot, kuma kullum sai ta tambaya, "Baba, wace ce wannan jaririyar da ke faɗuwa?"