Piriton ko cetirizine: wanne ya fi wa mai murar alaji (allergy, wato murar da ƙura ko makamancinta ke tayarwa)?

Duka biyun aikinsu ɗaya: tare sinadarin histamin da jiki ke saki idan ƙurar hunturu, garin furanni ko gashin kyanwa ya shiga hanci. Wajen tsayar da atishawa, ƙaiƙayi da yoyon majina, kusan kunnen doki suke. Bambancin yana wajen abin da ke biyo baya.

Piriton, wato chlorphenamine, tsohon magani ne mai araha. Babba yana shan miligiram 4 duk bayan awa 4 zuwa 6, kada ya wuce miligiram 24 a yini. Matsalarsa ita ce yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa, shi ya sa yake kawo barci da kasala, har washegari wani lokacin. Direba, ɗan acaɓa ko mai aiki da inji ya kiyaye shi ƙwarai. Yana busar da baki, yana iya riƙe fitsarin dattijo mai kumburin furostet (wata gaɓa da ke ƙasan mafitsarar maza), yana kuma iya tsananta ciwon ido na gilakoma (hawan jinin ido).

Cetirizine kuwa ƙwaya ɗaya ce ta miligiram 10 a yini, takan fara aiki cikin awa guda. Barcinta kaɗan ne, amma wasu na jinsa, gara a fara shanta da dare. Mai ciwon ƙoda sai likita ya rage masa adadi.

Ga wanda murar ke damunsa kullum, cetirizine ta fi. Sai dai idan toshewar hanci ce babbar damuwa, dukansu ba su da ƙarfi a nan. Feshin hanci mai sitiroyid irin fluticasone ya fi, kuma sai an yi kwanaki ana fesawa kafin ya kama sosai.