Sarƙar injin ɗaga kaya: wacce za ka saya a Kumasi, wacce za ka bari a shago

Duk mai injin ɗaga kaya na lantarki a gareji, ko a Magazin ta Suame ko a shagon walda a Aboabo, wata rana zai ji sarƙar ta fara ƙas-ƙas tana tsalle idan za ta shige cikin injin. Yawanci ranar ce maigida ke ba yaro guntun tsohuwar sarƙa ya ce a je a samo irinta. Daga nan asara take farawa, domin ido ba ya bambance sarƙar da aka yi wa wannan injin da wadda aka yi don ɗaure kaya a bayan tirela.

Kafin maganar saye, a auna tukuna. A wanke sarƙar, a rataya mata ɗan nauyi ta miƙe, sannan a nemi wurin da ya fi yawan bi ta kan wilin da ke jan ta cikin injin, don nan ne take cinyewa. A sa kalifa, ma'aunin nan mai baki biyu na awon milimita, a auna zobe 11 a jere. Ƙa'idar da masana'antun Turai ke bi ita ce, idan tsawon ya ƙaru da kashi 2 cikin ɗari, sarƙar ta gama aiki. Ɗauki mai lamba 7 × 21, wato kaurin ƙarfen milimita 7, tsawon cikin zobe milimita 21. Zobe 11 sabuwa milimita 231 ne. Da ta kai kusan 235.6, a sauke ta. Milimita huɗu da ɗoriya kenan, abin da ba mai gani da ido. Sai a karkata zobba biyu a leƙa inda suke gugar juna, nan za ka ga ƙarfen ya yi sulɓi ya rame. Idan kaurin ya ragu da kashi 10, wato mai 7 ta koma 6.3, ita ma ta tafi. Zobe mai tsaga, ko lanƙwasa, ko ramin tsatsa, ko ɗigon walda da ya faɗa masa, wannan ba ya buƙatar awo. In littafin injinka ya ba da nasa adadin, shi za ka bi.

To, me ke kasuwa?

Mafi kwanciyar hankali ita ce sarƙar kamfanin da ya ƙera injin, Demag ne, Kito ne ko Yale. Tana da tsada, kuma sau da yawa sai dila a Accra ko Tema ya yi odarta ka jira. Dalilin tsadar yana cikin wilin da sarƙar ke hawa: gurabe gare shi, kowane zobe sai ya zauna cikin gurbinsa daidai. Kamfanoni kuma ba girma ɗaya suke amfani da shi ba. Demag na da sarƙa 7.4 × 21.2, ga kuma 7 × 21 da ake samu a wasu injuna. Ka ajiye su gefe da gefe ka rantse uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma ka sa ɗaya a wilin ɗaya, za ta riƙa hawa bakin gurbi tana cin wilin, shi ma yana cin ta. Idan injinka na aiki kullum, yana ɗaga injin tifa ko giyabos mutane na ƙarƙashi suna daidaitawa, ni dai ba na ganin akwai abin yin shawara a nan.

Akwai kuma sarƙar kamfanonin da sana'arsu ke nan, irin RUD na Jamus da pewag na Ostiriya. Wannan zaɓi ne mai kyau muddin lambar ta yi daidai da ta injinka kuma mai injin ya yarda da ita. Abin da za ka nema shi ne ma'aunin EN 818-7, wanda aka tanada don sarƙar da ke bi ta wili. A cikinsa ma akwai iri-iri: T an fi sa ta a cen-bulok na hannu, DAT kuwa an ƙarfafa bayan ƙarfenta don ta jure gugar injin lantarki. Ka duba jikin zobban, akwai tambarin da aka buga a kai, yana maimaituwa a kowane zobe 20 ko kowace mita. Ka kuma ce a ba ka takardar gwaji. Mai shagon da ya ce maka "Masta, ai duk ɗaya ne, giredi 80 ce," ka yi masa godiya ka wuce.

Wannan giredi 80 ɗin ita ce tarkon da ya fi kama mutane, saboda ba sarƙar banza ba ce. Tana da ƙarfi, ana yanka ta da mita, farashinta da sauƙi, kuma ta dace da aikinta na rataya kaya a ƙugiya. Sai dai a ƙarƙashin EN 818-2 aka yi ta, ba a tsananta daidaiton tsawon zobbanta ba. A cikin injin za ta riƙa sarƙewa, ta fasa abin da ke yi wa sarƙa jagora, wata rana ta kuɓuce da kaya a sama.

Ta hom-yus da aka ciro daga wani injin fa? Kalifa za ta gaya maka ko ta miƙe, amma ba za ta gaya maka sau nawa aka ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta a inda ta fito ba. Ban da ita. Haka nan sarƙar da aka ƙara wa tsawo da walda, ko da gwanin Magazin ne ya yi ta: zafin walda na kashe ƙarfin da aka gina wa ƙarfen.

Wani lissafin da ake mantawa shi ne na wilin. Tsohuwar sarƙa ta riga ta cinye gurabensa, sabuwa kuma za ta bi sahu cikin ɗan lokaci. Saboda haka a buɗe a duba wilin da jagorar sarƙa, galibi tare ake canza su. A duba ƙugiya ma, in bakinta ya buɗe ko maƙullinta ya karye. Idan injin ƙarami ne marar suna, ka haɗa kuɗin waɗannan duka ka ga sidi nawa ne tsakaninsu da sabon injin da ake samun kayan gyaransa a ƙasar nan. Sau da yawa sabon ya fi.

Ranar sawa, kada a zare tsohuwar gaba ɗaya. Ana yanke gefen zobe guda ya zama buɗaɗɗe, a haɗa tsohuwa da sabuwa da shi, a danna maɓalli a hankali tsohuwar ta jawo sabuwar ta cikin injin, sannan a jefar da wannan zoben. A yawancin injuna waldar zobban da ke tsaye tana kallon waje ne, ba cikin wilin ba. In injin mai sarƙa biyu ne zuwa ƙugiya, a tabbata ƙugiyar ba ta wuntsila ta murɗe sarƙar ba. A mayar da matsayar ƙarshe da ke hana wutsiyar sarƙar shigewa cikin injin, a shafa mai ya shiga har inda zobba ke haɗuwa, domin ƙurar hunturu da laimar damina a Kumasi ba sa raga wa busasshiyar sarƙa. A gwada sama da ƙasa babu kaya, sannan da kaya kaɗan daga ƙasa. A rubuta awon zobe 11 na sabuwar da kwanan wata a littafin gareji, da shi za a gwada awo na gaba, kuma shi za ka nuna in masu duba masana'antu sun zo da dokarsu ta 1970, Act 328.