Keke ko ɗan acaba? Ga tawa shawarar, Hajiya

Hajiya, kin tambaya ko kekuna za ku saya wa 'yan mata ko ɗan acaba za ku ɗaukar musu. Ku sayi kekuna. Kuɗin nan da ƙungiyarku ta tara domin 'yan matan da ke takawa zuwa ƙaramar sakandaren garin gaba, in kuka zuba su a hayar ɗan acaba, kafin zango na biyu ya ƙare sun narke.

'Yar yayana na saya wa keken mata na gwanjo lokacin da ta shiga aji ɗaya. Uwarta ta ƙi da farko, wai gari zai ɗauka an ce yarinya ta koma namiji. Ba a je ko'ina ba sai ga uwar da kanta tana ɗaure mata niƙa a kariya da yamma. Da can sai ta ɗebo ruwa, ta yi wanke-wanke, sannan ta kama hanya, ta isa an ci rabin darasin farko, ga bulalar makara tana jiranta a bakin ƙofa. Aikin gidan bai ragu ba ko kaɗan, amma da keke tana isa ana taron safe, har da goyon ƙawarta. Yanzu tana babbar sakandare, ƙanwarta ta gaji keken. Abin da ya ci mana bai wuce faci da man sarƙa ba, sai tayoyi da aka canja.

Ɗan acaba kuwa na taɓa biya na zango guda. Zai yi wa yarinya mai lalurar ƙafa amfani, iyakarsa ke nan. Ranar kasuwa ba a ganinsa, ranar ruwa ma haka, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kullum da sabon farashi. Ga shi iyaye da yawa ba sa son ganin budurwa a bayan saurayi safe da rana a hanyar daji, kuma kin san inda irin wannan tsegumin yake ƙarewa: a cire ta, a sa ranar aure.

Masu cewa keke ba na mace ba ne su leƙa Maiduguri, inda aka hana babura tun 2011, 'yan mata da hijabinsu suke tuƙa shi zuwa makaranta. A jihar Bihar ta Indiya ma, gwamnatin Nitish Kumar ta fara ba 'yan matan aji 9, wato ajin farko na sakandare a can, kuɗin keke a 2006, bincike ya nuna masu shiga sakandare sun ƙaru da kusan kashi 30 cikin 100, musamman a ƙauyukan da makaranta ta yi musu nisa. Ayari suke fita, shi ya sa baki ya mutu. Ku ma ku raba a rana ɗaya, kada a bar yarinya guda ta zama abin nuni. Ku fara gaida mai gari da liman, kuma uba ya sa hannu a gaban shugaban makaranta cewa keken na ɗaliba ne. In ba haka ba, wallahi yayanta ne zai tafi da shi gona.

Sai ki yi hattara da 'yan kasuwa, ko da ba ki tambaya ba. Akwai masu yi wa tsohon keke walda a wuya, su shafe da fenti, su manna tambarin Phoenix ko Raleigh, su rantse miki daga kwali ya fito. Wasu su nuna miki mai kyau guda, ranar lodi su cusa ragwaɓaɓɓu a tsakiya. Ki ɗauki mai gyaran keke na garinku, ki biya shi ladan yininsa, ya shafa kowace mahaɗa da hannu, ya juya taya ya ga ko tana rawa, ya hau ya gwada burki. Kada ki cika kuɗi sai an gwada kowane ɗaya.

Ki zaɓi na mata wanda ba sandar tsakiya, mai murfin sarƙa da raga a tayar baya, domin dogon hijabi in ya shiga taya faɗuwar ba ta da kyau. Ki rage wani abu cikin kuɗin ki sayi famfo biyu da kayan faci a ajiye a ofishin shugaban makaranta.