Sharhi a kan kwas ɗin koyon saƙar leshin hannu daga nesa

Masu koyar da saƙar leshin hannu daga nesa sun yawaita a 'yan shekarun nan, kuma tsarin da yawancinsu ke bi kusan iri ɗaya ne: a aiko wa ɗalibi akwatin kayan aiki, a ba shi damar kallon darussan bidiyo, sannan a riƙa zama da malama kai tsaye ta intanet lokaci zuwa lokaci. Wannan sharhi a kan ɗaya daga cikin irin waɗannan kwasa-kwasai ne, wanda na bi har ƙarshen matakinsa na farko. Sassan nan uku ba su zo daidai a inganci ba. Akwatin kayan matsakaici ne, darussan bidiyon suna da kyau duk da wasu giɓi da ke cikinsu, amma zaman da ake yi da malama da sauran ɗalibai shi ne abin da ya cancanci kuɗin da aka biya.

Ya kamata a fara bambance abin da ake koyarwa da leshin da ake saya a yadi, domin shi wannan inji ne ke saƙa shi, tun daga lokacin da John Heathcoat ya yi rajistar injinsa na saƙar raga a Ingila a 1809, John Levers kuma ya inganta shi a Nottingham a 1813. Leshin hannu ya girme su nesa ba kusa ba, don tun a ƙarni na 16 ya bunƙasa a Italiya da yankin Flanders, kuma ya rabu gida biyu: wanda ake yi da allura da zare guda, da wanda ake yi da 'yan sandunan da aka naɗe wa zare. Na biyun ne kwas ɗin yake koyarwa. Ana ɗora kwali mai ɗauke da zanen aikin a kan matashi mai tauri, a rataya zarurruka a kan fil, a riƙa sarrafa sanduna huɗu a lokaci guda, ana kafa sabon fil a kowace huda domin ya riƙe abin da aka saƙa. Motsi biyu ne kacal tushen sana'ar baki ɗaya: gittawa, wato a ɗora ta hagu a kan ta dama a tsakanin sandunan tsakiya biyu, da murɗawa, wato a ɗora ta dama a kan ta hagu a kowace ma'aurata (sanduna biyu da ke tafiya tare). Wanda ya iya kitso zai gane aikin da sauri, domin kitson zare ne wanda fil ke buɗe masa ido.

Akwatin ya zo da sanduna 24, wato ma'aurata 12, da matashi mai siffar faifai, da zaren auduga fari da mai launi, da fil, da zanuka da aka buga a kan kwali. Sandunan na katako ne masu dunƙulen gindi irin waɗanda ake amfani da su a Beljiyam da Faransa, ba irin na tsakiyar Ingila masu zoben duwatsun ado a ƙasa ba. Wannan zaɓi yana da dalili, don marasa duwatsun sun fi saurin sarrafawa kuma ba sa sarƙewa idan za a zura su ta cikin madauki, sai dai suna gangarawa a kan matashi, kuma gangarawar kan warware murɗin zare ko ta ƙara masa, abin da zoben duwatsun yake hanawa. Wasu daga cikin sandunan suna da kaushi a wuya, inda zare ke kwanciya, kuma sai da aka goge su da samfefa mai laushi kafin su daina cin zare. Aikin 'yan mintuna ne, amma bai kamata a bar wa sabon ɗalibi shi ba tare da an faɗa masa ba.

Matashin ne ya fi ba ni takaici. An yi shi da farin soson nan mara nauyi da ake kare kayan lantarki da shi a cikin kwali, aka lulluɓe shi da ƙyalle. Irin wannan soso ba ya komawa bayan fil ya huda shi, saboda haka tsakiyar matashin takan yi laushi bayan 'yan ayyuka kaɗan, fil ya fara karkata, idan kuwa fil ya karkata to idanun leshin ba za su fito daidai ba komai ƙwarewar hannu. Matasan da masu sana'ar suka saba da su ana danƙara musu yankakken haki ne har su yi tauri ƙwarai, ko a yi su da wani soson roba mai ƙarfi wanda hudarsa ke rufewa. Ban ga laifin mai sayarwa ba da ya rage farashi domin mai gwaji, amma da ya bayyana cewa matashin na ɗan lokaci ne da ya fi adalci. Haka kuma babu ƙyallen rufe aiki a cikin akwatin, alhali darasi na biyu ma ya buƙace shi.

Darussan bidiyon an ɗauke su daga saman kafaɗar malama, yadda hannunta na dama yake daidai da hannun dama na mai kallo, kuma wannan ƙaramin abu yana kawar da rabin ruɗun da masu farawa ke shiga. Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ta yi aikin farko da zarurruka masu launi daban-daban, ta yadda ɗalibi zai bi zare ɗaya da ido ya ga inda yake bi. A saƙar yadi, wadda ita ce gitta, murɗa, gitta, za ka ga ma'aurata guda suna kai da komo a kwance yayin da sauran ke sauka a miƙe. A rabin saƙa kuwa, wadda ita ce gitta da murɗa kawai, ma'auratan suna rabuwa, zare ɗaya tak ke kai da komo, sauran su bi ta karkace. Littafi zai iya bayyana wannan a shafi biyu, amma gani ya kori ji. Salon da aka zaɓa shi ne Torchon, wanda ake zana shi a kan layuka masu kusurwar digiri 45, kuma kusan ko'ina da shi ake fara koyarwa saboda tsarinsa a bayyane yake, zarensa kuma ba siriri ba ne ƙwarai. An kuma koyar da karanta zanen launuka na Beljiyam tun da wuri, inda kore ke nufin rabin saƙa, shunayya saƙar yadi, ja kuma saƙar yadi da ƙarin murɗi. Wanda ya iya wannan zai iya aiki da zane daga kowace ƙasa ko da bai san harshen da aka rubuta bayaninsa ba, kuma ina ganin shi ne abu mafi ɗorewa da darussan suka bayar.

Giɓin da na gani biyu ne. Naɗe zare a sanda da ɗaure shi da maɗaurin da ke sakin zare idan an juya sandar, ya riƙe shi idan an sake ta, an wuce shi cikin gaggawa, alhali a nan ne yawancin masu farawa ke karaya tun kafin su saƙa komai. Na biyu, babu darasi a kan warware aiki idan an yi kuskure, kuma duk wanda ya zauna a gaban matashi ya san cewa komawa baya wani ɓangare ne na sana'ar, da ƙa'idarsa: a juya motsin ɗaya bayan ɗaya, a cire fil ɗaya bayan ɗaya, ba tare da jan zare ba.

A zaman kai tsaye ne waɗannan giɓi suka cike. Malamar ba ta yawan jawabi; takan ce kowa ya juya kyamararsa zuwa matashinsa, ta duba aikin, ta faɗi abin da ta gani. Wata ɗaliba ta nuna aikinta wanda gefensa ya tattare, malamar ba ta ko tambayi abin da ya faru ba ta ce mata tana jan ma'auratan da ke kai da komo da ƙarfi tana barin masu sauka a sake, kuma maganin shi ne bayan kafa kowane fil ta riƙe masu kai da komo da hannu ɗaya, ta ja masu sauka a hankali ɗaya bayan ɗaya da ɗayan hannun. Wani kuma zarensa ke ta tsinkewa, aka gano cewa sandunansa suna gangarawa zuwa gefe guda har murɗin zaren ya warware, sai aka nuna masa yadda zai duba zaren lokaci-lokaci ya mayar masa da murɗinsa kafin ya yi rauni. Waɗannan ba abubuwa ne da bidiyo zai iya hangowa ba, domin kowane hannu da irin karkatarsa.

Ba malamar kaɗai ke koyarwa ba, kuma wannan ne ya sa zaman ya yi armashi. A cikin ɗaliban akwai dattawa da suka taɓa aikin shekaru da suka wuce suka dawo gare shi, kuma daga bakinsu ne shawarwari mafi amfani suka riƙa fitowa. Wata dattijuwa ce ta ce a riƙa daidaita tsawon zaren da ke tsakanin aiki da kan kowace sanda, domin idan sun sha bamban sandunan kan hau juna. Ita ce kuma ta ce fil ɗin gefe a ɗan karkata su waje da baya, na tsakiya a kafa su a miƙe, don kada leshin ya riƙa tasowa daga kan kwali. Daga wasu aka ji cewa a wanke hannu kafin a taɓa zare saboda wanke leshin da aka gama aiki ne mai haɗari, a rufe matashi idan an tashi, a ɗaure sanduna a jere kafin a ɗaga shi, a bar aiki a kan fil na kwana guda kafin a cire domin zaren ya zauna. An kuma nuna hanyar gwada kaurin zare, wato a naɗe shi a kan rula a ƙirga naɗi nawa ke cika santimita guda, ta yadda za a iya musanya wani zaren da wani idan ba a sami wanda zanen ya ambata ba. Kowace shawara ƙarama ce, amma idan an haɗa su za a ga su ne bambancin aikin da ya kwanta da wanda ya yamutse.

Ban yi mamakin cewa nan ne ƙarfin kwas ɗin yake ba, domin haka sana'ar take wucewa daga hannu zuwa hannu tun asali. Leshin allura na Alençon a Faransa, wanda UNESCO ta sanya a jerin al'adun gado na bil'adama a 2010, ana ɗaukar shekara 7 zuwa 10 kafin a ƙware a kansa, kuma a gaban gwanaye ake koyonsa. Makarantar leshi ta Idrija a Slobeniya tana koyarwa tun 1876, saƙar sanduna ta ƙasar kuma ta shiga jerin na UNESCO a 2018. A ƙauyukan tsakiyar Ingila a ƙarni na 19 yara kan zauna a jere suna rera waƙoƙin ƙirga fil don hannu ya tafi da sauri, ko da yake ba zan yaba wa waɗancan makarantu ba, don ƙananan yara ne ake sa su aiki na tsawon sa'o'i a kan lada ƙalilan. Bayan da inji ya karɓe kasuwa, ƙungiyoyin masu sha'awa ne suka riƙe ilimin: Lace Guild da aka kafa a Ingila a 1976, da ƙungiyar ƙasa da ƙasa ta OIDFA da aka kafa a 1982, da cibiyoyi irin su Kantcentrum a birnin Bruges na Beljiyam. Abin da zaman intanet ya yi shi ne ya buɗe wa wanda ba shi da gwani kusa da shi wata ƙofa zuwa irin wannan da'ira.

Duk da haka yana da iyaka, kuma ya kamata mai niyyar biya ya san ta. Kyamara ba ta jin ƙarfin jan zare; malama tana ganin sakamakonsa ne kawai, ba za ta iya ɗora hannunta a kan na ɗalibi ta nuna masa daidai gwargwado ba. Farin zare a kan farin kwali ba ya fitowa sosai a hoto, shi ya sa masu sana'ar ke amfani da kwali shuɗi ko mai duhu, kuma abin mamaki ne cewa wasu zanukan cikin akwatin a kan farin kwali aka buga su. Idan ɗalibai suka yi yawa a zama guda, masu kunya kan tashi ba a duba aikinsu ba, kuma na ga hakan ya faru fiye da sau ɗaya. Akwai kuma batun hanya: malamar tana bin tsarin da ake fara saƙa da gittawa, alhali a wasu sassan Turai da murɗawa ake farawa, kuma ba ta yi bayanin wannan ba sai da wani ya kawo zane daga wani wuri ya ruɗe. Leshin da hanyoyin biyu ke fitarwa ɗaya ne, amma jimla guda a darasin farko da ta hana ruɗun.

Wanda yake da ƙungiyar masu saƙar leshi kusa da shi, zuwa wurinsu ya fi masa wannan kwas. Wanda ba shi da ita, ina ba shi shawarar ya yi rajista, amma ya tambaya tun farko ko za a iya biyan darussa da zaman kai tsaye ba tare da akwatin ba, ya nemi matashi mai tauri da kansa, ya kuma tambayi adadin ɗaliban da ake ɗauka a kowane zama kafin ya biya. Idan an ce masa babu iyaka, ya nemi wani wurin. Ni dai zan ci gaba zuwa mataki na biyu, inda ake koyon juya kusurwa da haɗa ƙarshen aiki da farkonsa, amma da sabon matashi.