Famfon baho mai tsayuwa a ƙasa, bayan wata takwas a banɗakinmu

A Kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano muka saye shi, lokacin ana ƙarasa ginin gidanmu. Irin dogon famfon nan ne da ke tsaye da ƙafarsa a gefen bahon wanka, ba ruwansa da bango. Namu baƙi ne, tsayinsa ya ɗan haura mita ɗaya, yana da ƙaramar shawa ta hannu a jikinsa. Kan ingancin ƙarfe ba ni da ƙorafi. Yana da nauyi, kuma har yau bai taɓa ɗiga ba.

Inda za a kafa shi, nan ne aikin yake. Bututun ruwan zafi da na sanyi ta ƙarƙashin daɓe suke bi, idan aka zuba siminti aka shimfiɗa tayil, magana ta ƙare, sai dai a fasa. Ni na so a tsayar da shi a tsakiyar baho ta gefen ƙofa, yadda duk wanda ya shigo zai gan shi. Mai aikin famfon, wani dattijo, ya ce, "Hajiya, ta ina za ki riƙa shiga?" Ya sa aka ɗauko bahon daga kwali aka ajiye a gurbinsa, ya ce in shiga in zauna. Sai ga shi daidai inda na zaɓa, nan nake ɗaga ƙafa. Da gwiwata ta sha karo da ƙarfe, balle Umma idan ta zo mana kwana, ga ciwon ƙafa.

Muka mayar da shi wajen ƙafafu, kusa da magudanar ruwan, ta ɓangaren bango. Ya auna yadda bakin famfon zai ɗara leɓen baho da kamar santimita 15, ya kuma leƙa ciki sosai don kada ruwa ya riƙa dukan gefe yana fantsama. Ya bar tazarar da hannu da tsumma za su shiga tsakaninsa da bango, sannan ya zana wurin da alli. Allah ya saka masa da alheri, kullum na zo wanke banɗakin sai na tuna da wannan tazarar.

Abin da ya ɓata mini rai shi ne a shagon ba wanda ya tambaye mu ƙarfin ruwan gidanmu. Tankinmu bai fi mita 6 daga ƙasa ba, bahon kuwa yana cin sama da lita 200. Makon farko ruwan siriri yake zuwa, kafin baho ya kai rabi na farkon ya huce. Dole muka sayi ƙaramin injin ƙara ƙarfin ruwa, kuɗin da ba mu lissafa da shi ba. Hitarmu mai lita 50 ita ma ba ta isa, a lokacin hunturu rabin baho nake tsayawa.

Sai kuma launin. Ruwan burtsatsenmu yana barin farin tabo, baƙin famfo kuma ba ya ɓoye komai. Da yau zan saya, mai ruwan azurfa zan ɗauka. Yanzu tsumma na musamman na rataye a bayan ƙofa, ina fitowa nake goge shi tun bai bushe ba.