Tambayar da wata Baturiya ta yi mini a garin Bath

'Yan'uwana na Garwa, ina gaisuwa, ya zafi? Mu nan Ingila sanyi ne da yayyafi, amma ba shi ya sa na zauna rubutu ba.

Wata Baturiya da muke aikin kula da tsofaffi tare a Bristol ta matsa mini sai na kalli Bridgerton, wasan soyayyar nan da Netflix ta fara nunawa a 2020, labarin manyan gidajen Landan a 1813 da yadda iyaye mata ke fafutukar samo wa 'ya'yansu miji. Dare biyu na cinye kashi takwas. Wuta ba ta ɗauke ba, hoto bai tsaya yana juyi ba, ban kuma je kasuwa wajen mai tura fim ba. Sai dai akwai wuraren da na riƙa turawa gaba ina salati. Kada wadda ta kunna shi gaban yara ko surukai, mutanen nan ba su san kunya ba.

Ranar hutu ta ja ni Bath, tafiyar kamar kwata a jirgin ƙasa, inda aka ɗauki wani ɓangare na wasan. Na ga Royal Crescent, gidaje 30 a jere kamar jinjirin wata, ginin kimanin shekara 250, dutsensa fes, ciyawar gabansa a aske. Baƙi na biyan kuɗi ana zagayawa da su. Shayi kuwa, kofi ɗaya kuɗin cefane ne a gida.

A nan ta juyo ta ce, "Ku fa a wancan zamanin, me amaryarku take sawa?"

Na ciro waya ina lalube. Ban samu komai ba sai tsofaffin hotunan Turawan mulkin mallaka, baƙi da fari. Wallahi har na dawo ɗaki abin na cina a rai. A 1809 Modibbo Adama ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, zamani ɗaya ke nan da labarinsu. Muna da fadar Rey Bouba da ta Ngaundare a arewacin Kamaru, muna da dawakai da lifidi da algaita a hawan salla, da lalle da jeren ɗakin amarya. Amma mu tsohon zaure rushewa muke mu kafa bulo, tasoshin kakanni mu ba mai gwangwan a banza, 'yanmatanmu kuwa sun haddace sarakunan Turkiyya na fim, ba su san sunan kakar kakarsu ba.

Yaya, don Allah ki shiga ɗakin Inna ki buɗe adakar nan. Ki ɗauko mini hoton zanen saƙinta da mundayen azurfar, ki kuma naɗi muryarta tana ba da labarin ranar da aka kai ta ɗaki a kan doki. Ranar Litinin muna aiki tare da Baturiyar.